Wace kalma za mu ba wa "sakseshan" na tsirrai?

1/ Jama'a, ku taya ni neman kalma. Fili idan aka bar shi, ciyawa mai shekara ɗaya ce ke fara fitowa, sai mai daɗewa irin gamba ta danne ta, daga baya ƙananan itatuwa su shigo. Wannan shi masana ke kira sakseshan. Frederic Clements na Amurka ya rubuta littafi guda a kansa a 1916.

2/ Wani malami ya ba da shawarar "gadon tsirrai". Malam, Allah ya ƙara sani, amma a rubuce mai karatu zai ɗauka gadon kwanciya ne, ko gadon shuka na lambu. Kuma gado ba ya komawa hannun mamaci, nan kuwa abin yana komawa baya.

3/ Shanu ne ke mayar da shi. Saniya ba ta cin ciyawa barkatai, mai daɗi take bi. Ciyawa na tohowa daga gindi, shi ya sa kiwo daidai wa daida ba ya kashe ta, har yakan rage dogayen da ke tare wa gajeru rana. Amma idan garke ya dawo kafin ta huta, saiwarta ta raunana, sai ƙarangiya da ire-irenta su samu wuri. Kofato ya daddage ƙasa, ruwan sama ya riƙa wucewa bai shiga ba. Ciyawar da gobarar daji za ta ci ta ƙone 'yan itatuwa ma babu ita, ga 'ya'yan ƙaya da shanun suka haɗiye suna tsirowa cikin kashinsu. A 1949 wani masanin filayen kiwo na Amurka, Dyksterhuis, ya kasa tsirran filin kiwo uku bisa yadda kiwo ke shafar su: masu raguwa, masu ƙaruwa, da masu kutse.

4/ "Karɓa-karɓa" fa? A'a, wannan da yarjejeniya ake yi, kowa ya san zagayensa zai dawo. Filin da ƙaya ta cinye, ko an janye shanu shekaru, ba lalle gamba ta dawo ba.

5/ "Maye gurbi" ya yi kusa, sai dai sau ɗaya yake nufi.

6/ Ni dai na tsaya kan "bi-da-bin tsirrai". Ku gwada a jimla: "Yawan kiwo ya mayar da bi-da-bin tsirrai baya." Makiyayi zai gane, ɗalibi ma haka. Wanda yake da wadda ta fi ta, ya kawo ta tare da jimlarsa mu ji.