Karena Yana Cin Ciyawa, Yana Jan Mazaunai a Ƙasa: Lafiya Kuwa?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da kare ɗan shekara 2, tun yana kwikwiyo yake hannuna, amma wasu halayensa sun fara damuna. Ba ya kwanciya sai ya zagaya wurin sau uku ko huɗu. In muka fita sai ya tsaya yana fizgar ciyawa kamar akuya. In ya gama kashi kuma ya yi ta watsa ƙasa da ƙafafun baya. Makon nan wani sabo ya ɓullo: zama yake yi, ya ɗaga ƙafafun baya, ya riƙa jan mazaunansa a ƙasa. Shekaranjiya na dawo na tarar ya tauna min takalmi, na daka masa tsawa har na buge shi. Ya kwantar da kunnuwa, ya cusa wutsiya tsakanin ƙafafu, alamar ya san laifinsa. Jiya kuma ya sake. Taurin kai ne ko ciwo? Ku ba ni shawara don Allah.

Wani dattijo mai kiwon karnuka: Wa alaikumus salam. Ɗana, kwantar da hankalinka kan zagayen nan, gado ne. Kakanninsa na daji sai sun tattake ciyawa sun gyara makwanci kafin su kwanta. Watsa ƙasar ma ba rufe kashi yake ba. Tafin ƙafarsa na fitar da wani wari, shi yake bari tare da shatar farcensa don sauran karnuka su san ya wuce ta nan. Duk karen da na taɓa riƙewa yana yi.

Wata 'yar'uwa: Ni ma cin ciyawar ya taɓa hana ni barci, na ɗauka tawa karyar ciwon ciki take. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Kaliforniya ta Davis, aka wallafa a 2008, ya nuna yawancin karnukan da ke cin ciyawa lafiyarsu ƙalau kafin su ci, kuma waɗanda ke amai bayan sun ci ba su kai ɗaya cikin huɗu ba. Ka dai kiyaye shi daga ciyawar da aka fesa wa magani.

Wani ɗan'uwa: Jan mazaunan nan tsutsar ciki ce, ka ba shi magani kawai.

Likitar dabbobi: Malam, kada ka yi saurin ba shi magani tukuna. Tsutsa na iya jawo hakan, musamman tsila wadda ƙuma ke yaɗawa, amma ba ita ta fi yawa ba. A gefen duburar kare akwai wasu 'yan jakunkuna biyu, dama da hagu, masu tara ruwa mai ƙarni. Duk lokacin da ya yi kashi mai ƙwari sukan matse su zubar. In kashin ya yi laushi kwana da kwanaki, sai su cika su toshe, su dame shi da ƙaiƙayi da zafi. In aka bari sukan yi ƙurji su fashe. Ɗaga wutsiyarsa ka duba: akwai kumburi, ko ja, ko wari mai ƙarfi? Yana yawan lasar wurin? Cikin duk abin da ka lissafa wannan ne ya tsaya min a rai, domin sabo ne. Halin da kare ya taso da shi ba ya tayar min da hankali kamar wanda ya ɓullo dare ɗaya. Kuma duk ranar da ka ga yana danna kai a bango, ko yana zagaye ba tsayawa, ko dalala na zuba tare da sauyin hali, kada ka kwana ba ka kai shi asibiti ba. Ka tabbata yana da allurar rigakafin ciwon hauka.

'Yar'uwar ta ƙara: Maganar ya san laifinsa kuwa, a nan nake roƙonka ka daina dukan. A 2009 wata mai binciken halayyar karnuka, Alexandra Horowitz, ta gwada wannan a Amurka, ta gano karnuka na yin fuskar nan ne saboda faɗan mai su, har waɗanda ba su yi komai ba. Tsoronka ya ji. Takalmin da ya tauna da safe, ba zai haɗa shi da dukan yamma ba.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Yanzu na duba, gefen dama ya kumbura, da na taɓa sai da ya yi ƙara. Wallahi jikina ya yi sanyi, kwana biyar yana fama ni kuma ina masa tsawa. Gobe da sassafe zan kai shi. To takalman fa, yaya zan yi?

Dattijon: Ka ɗauke su daga inda bakinsa zai kai, ka ba shi abin taunawa nasa na kansa. Kafin ka fita ka zaga da shi ya yi gudu ya gaji. Awa nawa yake yi shi kaɗai a gida?