Neman kalma: me za mu kira lokacin da ake rubutawa a tikitin jirgi?

1/ 'Yan uwa masu aikin fassara da na rediyo a nan Sakkwato, ina neman mu tsayar da kalma ɗaya. Ma'aikatan jirgin sama suna da abin da suke kira "bulok taim", shi ne tsawon lokacin tafiya da kamfani ke sa wa a jadawali. Mu kuwa "tsawon tafiya" muke cewa, alhali mai sauraro bai san ko nisa ake nufi ko lokaci ba.

2/ Ga inda matsalar take fitowa fili. Daga filin jirgin Sultan Abubakar na III zuwa na Sir Ahmadu Bello da ke Ambursa, kusa da Birnin Kebbi, nisan a miƙe bai wuce kilomita 100 da 'yan kai ba. Jirgin fasinja idan ya daidaita a sama yana cin wajen kilomita 800 a awa. Wanda ya raba zai ce minti 8 ke nan. Ba haka ba ne. A gajeren zango irin wannan jirgi ba ya kai wa ga wannan gudun, kafin ya gama hawa lokacin gangarowa ya yi. Ga jan jiki daga wurin ajiya zuwa titin tashi, ga jiran izinin hasumiya, ga kewayowa don ya fuskanci iska. Da hunturu, in hazo ya rufe gari, sai ya yi ta zagaye kafin ya ga titi.

3/ Ƙidayar "bulok taim" tana farawa ne daga sa'ad da aka zare abin da ya tokare tayar jirgi ya motsa, ta ƙare sa'ad da ya tsaya a ɗaya filin aka mayar da tokarin.

4/ To wannan tokarin muna da sunansa tun da daɗewa. Kowane yaron mota ya san waigi. Don haka shawarata: waigi zuwa waigi.

5/ Wasu sun kawo shawarar "lokacin tashi", amma wannan ƙarfe nawa jirgi zai ɗaga yake nufi, kuma ya riga ya zauna a bakin mutane. "Lokacin shawagi" ma bai yi mini ba, don shawagi na shaho ne da jirgin da ke zagaye wuri guda, ba na mai zuwa wani gari ba. "Ƙofa zuwa ƙofa" ya fi kusa, sai dai mutum zai ɗauka daga ƙofar gidansa ake lissafi.

6/ Wani malami ya ce ai waigi ma aro ne daga Turanci. Gaskiya ne, Allah gafarta malam, amma haka mota da tikiti suke. Kalmar ta sha ƙurar tasha har ta zama tamu, tsoho a Illela ko Tambuwal ba ya buƙatar a fassara masa ita.

7/ Lokacin da jirgi ke yi a sama kuwa, wato daga ɗagawar taya zuwa taɓa ƙasa, na so mu ce zaman sama. Sai mai labarai ya ce: "Waigi zuwa waigi awa guda ne, zaman sama minti 40." Masu yi wa alhazai bita, ku gwada su a bakin maniyyatan bana, ku faɗa mana ko sun shiga kunne.