"PhD candidate" ko "PhD student": wanne zan sa a ƙasan sunana?

Ɗalibar Sinadarai:
Assalamu alaikum jama'a. Ban daɗe da fara digiri na uku ba, har yanzu aji nake shiga. Zan tura wa wani farfesa a Amurka imel, sai na rasa abin da zan rubuta a ƙasan sunana. Ƙawata ta ce in sa "PhD candidate", wai ya fi kwarjini. Ni "postgraduate student" na sani, a shafin jami'arsu kuma "graduate student" nake ta gani. Wanne ne ba zai sa a ɗauke ni mai cika baki ba?

Tsohon Malami:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Ki ajiye shawarar ƙawar nan. A yawancin jami'o'in Amurka ba a ce wa mutum "candidate" sai ya gama darussa, ya ci jarrabawar da ake kira "qualifying exam", wasu wuraren ma sai an amince da tsarin bincikensa. Farfesan na ganin kalmar zai zaci kin tsallake wannan siraɗin, ya hau tambayarki babi nawa kika rubuta. Me za ki ce masa?

Shi kuwa "graduate student" na Amurkawa shi ne "postgraduate" na Ingila, ya haɗa masu digiri na biyu da na uku. Ki sa "PhD student" ki huta.

Mai Kundi a Hannu:
Malam ya gama magana. Sai dai ki kula da wani tarko: a Ingila kundin digiri na biyu "dissertation" ne, na uku "thesis". A Amurka juya su aka yi. Mai duba aikinki "supervisor" ne a Ingila, "advisor" a Amurka. Zaman kare kundi kuma 'yan Ingila "viva" suke cewa, Amurkawa "defense".

Ɗalibar Sinadarai:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. To Malam, "postdoc" fa? Digiri na huɗu ne?

Tsohon Malami:
A'a, babu wani digiri a cikinsa. Mutum ya riga ya zama dakta, aka ɗauke shi aikin bincike na ƙayyadadden wa'adi, da albashinsa. Kada ki kuskura ki kira shi ɗalibi a gabansa, ransa zai ɓaci.