Wai me ya sa birkin kwamfuta na jiragen ƙasan Amurka ya ci shekara 12 kafin a gama sa shi?

Dan_Tarago ya rubuta:

Salam jama'a. Akwai abin da ya ɗaure min kai, kwanan nan nake ta bin labarin wannan na'urar da Amurkawa ke kira PTC, wadda ke taka wa jirgin ƙasa birki da kanta idan direba ya yi sakaci. To majalisarsu ta yi dokar tun 2008, Shugaba George W. Bush ya sa hannu a watan Oktoba, aka ce kowa ya gama kafin ƙarshen 2015, amma sai Disamba 2020 hukumar FRA mai kula da jiragen ƙasa ta ce an kammala. Shekara 12 fa! Ƙasar da ta kai mutum wata. Ni a nawa tunanin GPS ne kawai da 'yar kwamfuta a kan jirgi, wayar hannuna ma ta san inda nake da irin gudun da nake yi. Ko dai kamfanonin ne suka yi ta jan ƙafa don kar su kashe kuɗi? Masana a warware mana don Allah.

Baba_Sigina ya amsa:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Tambayarka ta yi, amma kwatancen waya ɗin nan shi ne ya ɓatar da kai. Wayarka in ta yi kuskuren mita goma ba abin da zai faru, shi kuwa jirgi mita goma ɗin nan ita ce bambancin yana kan wannan layin ko na kusa da shi, kuma in kwamfuta ta ɗauka yana kan wancan alhali yana kan wannan to ai an gama.

Bari in fara da asalin dokar. Ranar 12 ga Satumba 2008 a Chatsworth, jihar Kalifoniya, jirgin fasinja na Metrolink ya wuce danja ya yi taho-mu-gama da jirgin kaya na Union Pacific, mutum 25 suka mutu, bincike ya nuna direban yana tura saƙon tes a waya. Wata ɗaya da 'yan kwanaki doka ta fito. Alhali hukumar binciken hatsari ta NTSB tun 1970 take roƙon a yi irin wannan abu, bayan wani karo da aka yi a Darien ta jihar Connecticut a 1969, ba wanda ya kula ta sai da aka kwashi gawa.

Abu huɗu dokar ta ce na'urar ta hana: jirgi ya yi karo da jirgi, jirgi ya kauce daga layi saboda gudu, jirgi ya afka inda ma'aikata ke gyaran layi, da kuma jirgi ya bi ta mahaɗar da aka juya ba daidai ba, wato inda ake sauya wa jirgi layi. To don ta iya wannan sai an sa kwamfuta a kowane kan jirgi, an sa na'ura a jikin kowace sigina da kowace mahaɗa da za ta riƙa faɗin halin da take ciki ta rediyo, an auna layin gaba ɗaya an zuba shi cikin taswira, kowace kwana kowace gangara kowane hawa, sannan ga manyan kwamfutoci a ofis masu tura wa jirgi izinin tafiya. Tsawon layin da doka ta shafa mil 57,536 ne, wato sama da kilomita dubu 92, kamfanoni 41. Kuma ita kwamfutar dole ta lissafa nauyin jirgin da tsawonsa, don jirgin kaya mai tarago ɗari in ka taka masa birki yanzu sai ya ci fiye da mil guda bai tsaya ba, saboda haka tun daga nesa take fara yi wa direba gargaɗi, in bai rage ba ta ƙwace birkin.

Amma ni a gani na babban ciwon kan shi ne jirgin wannan kamfani yana hawa layin wancan kamfani kullum. Amtrak mai jiragen fasinja a layinta na Washintan zuwa Boston tana amfani da tsarin ACSES, mai 'yan akwatuna da ake ɗaurewa a tsakiyar layi jirgi na karanta su in ya wuce, manyan kamfanonin kaya kuma suka ɗauki I-ETMS mai dogaro da GPS. Dokar ta ce dole su ji yaren juna. Wannan kaɗai ya ci shekaru.

Hajiya_Lissafi ta amsa:

Baba_Sigina Allah ya ƙara ilimi, amma gaskiya kamar ka wanke kamfanonin nan da yawa. Duk wahalar da ka lissafa gaskiya ce, sai dai mutane fa sun yi ta mutuwa a cikin jiran. Mayu 2015 a Filadelfiya jirgin Amtrak ya shiga kwanar da aka ƙayyade mil 50 a awa da gudun mil 106, mutum 8 suka tafi, sama da 200 suka ji rauni. Wata biyar bayan nan, a Oktoba, majalisa ta ɗaga wa'adin zuwa ƙarshen 2018 har da damar ƙarin shekara biyu, don kamfanonin sun ce in ba a ɗaga ba za su daina ɗaukar wasu kaya da fasinja daga 1 ga Janairu. Wannan in ba riƙe wuya ba mene ne? Sai ga Disamba 2017 kusa da DuPont a jihar Washintan, ranar farko da aka buɗe sabuwar hanya wa fasinja, jirgi ya shiga kwanar mil 30 da gudun kusan 80, taragu suka zubo kan babban titi, mutum 3. NTSB ta ce da na'urar tana aiki da ba a yi ko ɗaya ba. Da an matsa musu da tara mai zafi tun farko ni na yi imani da sun nemo hanya.

Baba_Sigina ya sake amsawa:

Hajiya ban ƙi taki ba, akwai jan ƙafa kam, don wasu sun gama da wuri, ita Metrolink ɗin da abin ya faru a kanta tana cikin na gaba-gaba. Amma ki tuna majalisa ta yi doka ne ba ta haɗo da kuɗin aikin ba, kamfanonin kaya kaɗai sun kashe sama da dala biliyan 10 daga aljihunsu, su kuwa ƙananan hukumomin jiragen fasinja na birane da ke rayuwa da tallafi ina za su samo? Sannan ita gwamnatin da kanta ta taka musu birki, a 2013 hukumar sadarwa ta FCC ta tsayar da kafa dubban turakun eriya kusan shekara guda, wai sai an tantance ko ramukan za su taɓa wuraren tarihi na ƙabilun asalin ƙasar. Hannun dama ya ce yi sauri, na hagu ya ce dakata. Ga neman zangon rediyo na 220 MHz da sai da suka saya.

Mai_Shiru77 ya amsa:

Ni dai abin da ya fi ba ni tausayi hatsarin garin Cayce ne a Karolina ta Kudu, Fabrairu 2018. An kashe siginonin wurin ne fa don a saka kayan PTC ɗin, a cikin wannan tsakanin aka bar mahaɗa a juye, jirgin Amtrak ya shige layin gefe ya daki jirgin kaya na CSX da ke tsaye, ma'aikata 2 suka rasu. Garin neman gira.

Kuma Dan_Tarago kar ka ɗauka yanzu an gama da hatsari, na'urar ba ruwanta da layin da ya tsage ko motar da ta maƙale a mararraba. Hatsarin garin East Palestine a Ohayo, Fabrairu 2023, boris ɗin ƙafar tarago ne ya yi zafi ya ƙone, ba direba ba ne ya yi gudu.

Dan_Tarago ya amsa:

Kai na gode ƙwarai, wallahi na janye maganar waya. Amma Baba har yanzu ina bayan Hajiya a batun wa'adin 2015 ɗin nan. Wata tambayar kuma, idan na'urar ta lalace jirgi yana tsakiyar tafiya fa, tsayawa ake yi ko direba ya ci gaba da hannu?