Shiga rairayi da ƙaramar jif: shawarwarin da aka bayar

Tambayar ita ce ko ƙaramar mota irin Suzuki Jimny za ta iya yashin sahara, da kuma abin da ya kamata a ƙara mata. Kusan duk waɗanda suka ba da shawara sun ce za ta iya, don rashin nauyinta ne ke hana ta nutsewa.

An fi daɗewa a kan taya. Kafin a hau rairayi a sace iska zuwa wajen psi 15 (psi ma'aunin ƙarfin iskar taya ne), tayar ta baje ta riƙa shawagi a saman yashi. Amma sai da famfon sake cika taya a mota, domin taya mai ƙarancin iska kan yi zafi a kwalta har ta fashe. In motar ta kafe, a ɗaga ƙafa daga totur nan take, a sauko da shebur a tone gaban tayoyin, a cusa faifan hawa, wato allon da ake sa wa a ƙarƙashin taya don ta samu abin kamawa ta fita.

Wajen ɗaga motar sama kuwa, wato ƙara mata tazara daga ƙasa, an rabu biyu. Ni ina bayan masu cewa a fara da ƙarfen kare ƙasan injin, don mota gajeriya in an ɗaga ta da yawa, ga kaya a rufi, saurin kifewa take a gangaren tudu.

Tankinta lita 40 ne kacal, jarkokin mai da na ruwa dole ne. Kuma kada a tafi da mota ɗaya.