Na maƙale kan Jefferson da cinikin Louisiana, a taimaka

Assalamu alaikum. Mako biyu ke nan ina fama da babi guda a aikina kan ra'ayin Thomas Jefferson, shugaban Amurka na uku, na cewa ƙananan manoma masu gonar kansu su ne ginshiƙin jamhuriya, kuma kada gwamnatin tarayya ta wuce abin da tsarin mulki ya rubuta.

Ga inda na cije. A 1791 ya ƙi amincewa da bankin ƙasa da Alexander Hamilton, sakataren baitulmali, ya kawo, don tsarin mulki bai ba da ikon kafa shi ba. Amma a 1803, yana shugaban Amurka, ya sayi faffaɗan yankin Louisiana daga Faransa kan dala miliyan 15, alhali shi da kansa ya ce sai an gyara tsarin mulki. Har ya tsara daftarin gyaran, daga baya ya bar maganar.

Na fara rubuta cewa neman filin noma ne ya rinjaye shi. Malamina ya dawo min da babin, wai ban kawo hujja ba. Na koma kan wasiƙar Jefferson ga Sanata John Breckinridge ta Agustan 1803, sai ta ƙara rikita ni, tunda can ma ya amsa cewa ya wuce iyakar tsarin mulki.

Don Allah, a tunanin Jefferson, wanne ke gaba: samar wa manoma ƙasa ko tsayawa kan harafin tsarin mulki?