Fina-finan takobi na Chana: ina suka shiga ne?

Takobi_Biyu:
Salam jama'a. Tambaya gare ni ga masu bin fina-finan Chana, ba na bindiga ba, irin na zamanin sarakuna da ake tashi sama da takobi ana gudu a kan rufin gidaje. Akwai lokacin da duniya ta ruɗe a kansu, daga 2000 zuwa wajen 2006, Crouching Tiger, Hidden Dragon ya ci Oscar har huɗu, Hero na Jet Li ya hau na ɗaya a silimomin Amurka, to amma sai na ji wani yana cewa wai su kansu 'yan Chana Crouching Tiger ɗin bai wani burge su ba. Da gaske ne? In haka ne me Turawa suka gani a ciki, kuma me yasa yanzu shiru kake ji?

Malam_Silima:
Wa alaikumus salam ɗan uwa. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar. Crouching Tiger ɗin an kashe masa kusan dala miliyan 17, ya tara wajen miliyan 128 a Amurka kaɗai, kuma da yaren Mandarin aka nuna shi ana rubutu a ƙasa, mutanen da ba sa son karanta rubutu a fim suka zauna suka karanta. Amma a cikin Chana bai yi wannan ƙarfin ba.

Abu na farko bakin 'yan wasan ne. Chow Yun-fat ɗan Hong Kong ne, Kantonis ne yarensa, Michelle Yeoh kuma 'yar Malesiya ce, Chang Chen ɗan Taiwan, Zhang Ziyi ce 'yar Beijin, to kai da ba ka jin yaren duk ɗaya ne a kunnenka, amma wanda aka haifa da shi yana jin kowa da irin tasa hausar, kuma wai labarin zamanin daular Qing ake ba shi, dole hankalinsa ya rabu biyu.

Na biyu kuma, tashi sama da ya gigita Bature su ba baƙon abu ba ne a wajensu. Irin wannan fim wuxia suke ce masa, tun 1928 ake yin sa a Shanghai, har gwamnatin lokacin ta hana shi a farkon shekarun 1930 tana cewa camfi yake cusa wa mutane, daga baya sana'ar ta yi ƙarfi a Hong Kong da Taiwan. Darakta King Hu ya yi faɗan cikin dajin gora a A Touch of Zen wanda ya samu kyauta a bikin fina-finai na Cannes a Faransa tun 1975. Mutumin da ya tashi yana ganin wannan sai Ang Lee, daraktan Crouching Tiger, ya zo ya ja masa dogon lokaci ana hira da kallon juna kafin a zare takobi, ai cewa zai yi fim ɗin ya cika sanyi. Shi kuwa Bature wannan sanyin da soyayyar da aka kasa furtawa su suka sa ya ɗauke shi babban fim ba na dambe kawai ba.

Yar_Gidan_Kallo:
Malam na yarda da kai a kan Crouching Tiger amma kar a yi musu kuɗin goro, Hero fa a gida ya fara cin kasuwa, da ya fito a 2002 tarihi ya kafa wajen kuɗi a Chana. Kamfanin Miramax na Amurka ne ya saya ya ajiye shi kusan shekara biyu, sai Agustan 2004 aka sake shi a Amurka, shi ma sai da aka liƙa sunan Tarantino, shahararren daraktan Amurka, a jikin fosta, alhali kafin nan masu so da yawa sun riga sun gan shi a faifan da aka shigo da shi daga Asiya, kuma duk da haka ya hau na ɗaya.

Ni abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne kowa da abin da ya kalla. A waje ana ta zancen kala, ja, shuɗi, fari, kore, da faɗan Maggie Cheung da Zhang Ziyi cikin ganye masu zuba, da kiban nan da suka rufe sama. A Chana kuwa rigima ce ta tashi a kan sarkin Qin, mutumin da ya haɗe ƙasar a shekara ta 221 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), wanda tarihinsu ya san shi da ƙona littattafai da tsananin mulki, sai ga Zhang Yimou, daraktan fim ɗin, ya sa jarumi ya je har gabansa ya fasa kashe shi don ƙasa ta zauna ɗaya, ya miƙa wuya aka harbe shi. Masu suka da yawa cewa suka yi wanke mai mulkin kama-karya aka yi. Ni dai wlh ina son fim ɗin amma ƙarshen nan har yau bai kwanta min ba.

Dan_Kwando:
Ni dai Donnie Yen da Jet Li cikin ruwan sama ana kaɗa musu molo, wannan kaɗai ya biya ni. Siyasar ku ta shafa.

Malam_Silima:
Hhh Dan_Kwando kai ne irin ɗan kallon da kamfanonin Amurka suke nema ai. 'Yar uwa gyaranki ya yi.

Batun inda suka shiga kuma a duba Red Cliff na John Woo. Yaƙin da aka yi a kogin Yangtze a shekara ta 208 ne, Cao Cao da rundunarsa a gefe guda, Zhou Yu na Sun Quan da Zhuge Liang na Liu Bei a ɗaya gefen, labari ne da yaro ma ya sani a Chana da Japan da Koriya saboda hikayar Masarautu Uku. A Asiya kashi biyu aka fitar, 2008 da 2009, kusan awa biyar, kuma ya yi kasuwa sosai. Da za a kai wa Turawa sai aka datse shi ya koma kamar awa biyu da rabi, aka bar yaƙi aka zubar da yawancin dabarun fada da dalilin da ya sa wane ke ƙin wane, kuma ko dala miliyan ɗaya bai tara ba a silimomin Amurka. Gwargwadon yadda fim ya nutse cikin ainihin tarihinsu, gwargwadon yadda na waje ke ɓacewa cikin sunayen janar-janar.

Ga kuma Hollywood ta riga ta ɗauke gwanayen. Yuen Woo-ping da ya tsara faɗan Crouching Tiger shi ya tsara na Matrix tun 1999, ya zo ya yi Kill Bill, to in kana samun faɗan tashi sama da igiya da Turanci me zai kai ka karatun rubutu.

Yar_Gidan_Kallo:
Ƙari a kan haka su ma yanzu ba sa buƙatar kowa, kasuwar silima ta Chana da ta Amurka su ne manya biyu a duniya, furodusa zai mayar da kuɗinsa a gida ba sai ya yi tunanin me ɗan Landan zai fahimta ba. Da aka gwada auren dole a The Great Wall na 2016, aka saka Matt Damon a kan ganuwa yana yaƙi da dodanni, asara aka tafka, ga zagi da aka sha a kan me ya kawo Bature ya zama mai ceto. Amma ba a daina yi ba fa, Hou Hsiao-hsien ya ci kyautar darakta a Cannes a 2015 da The Assassin, sai dai wannan in kana jin barci kar ka kunna shi, Shadow na Zhang Yimou kuma ya fito a 2018.

Takobi_Biyu:
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Ashe Red Cliff ɗin da na gani guntu ne, shi yasa na kasa gane me ya haɗa su faɗa tun farko. Malam in na samu mai kashi biyun sai na fara karanta tarihin ko zan gane a haka?

Malam_Silima:
Za ka gane. Ka dai riƙe sunaye uku, Cao Cao, Sun Quan da Liu Bei, duk wanda ka gani a fim ɗin yaron ɗaya daga cikinsu ne.